Ludayin Farko na Yaya Jummai

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayata Jummai. Ni ne autan ɗakinmu, tela ne ni a bakin kasuwar doya ta garin Lafiya, kuma almakashi na iya riƙewa, ba alƙalami ba. Amma bana na ce sai na rubuta ko da gwaranci ne, domin yaran da ke wucewa ta ƙofar shagona da tsumman sholisho a hanci ba su san an taɓa yin wata mace a garin nan da ta rasa sana'arta saboda irinsu ba.

Yaya mai dafa wa 'yan ƙwadago abinci ce. Idan damina ta ja baya, ƙasa da sauran laima, manyan manoma kan kwashi samari a akori-kura zuwa gonakin hanyar Assakio da na wajen Doma su yi huɗar doya. Wanda ya taɓa riƙe garma ya san aikin: kana sunkuye kana tara ƙasa tsibi-tsibi har rana ta yi ja. Kuɗin yini ake biya, saboda haka ba abin da mai gona yake so irin a yi masa aikin kwana biyu a rana ɗaya. Cikin samarin nan akwai 'yan makaranta da yawa masu neman na takalmi da littafi a lokacin hutu. Yaya ce ke dama musu kunu, ta kai har bakin gona.

Wasu masu gonar kan miƙa mata ɗan ƙulli a takarda, su ce ta zuba a tukunya, wai maganin ciwon baya ne. Ta kan zuba. Duk matan da ke wannan sana'a zubawa suke yi, ba wadda ta taɓa tambaya. Yara su sha su kama aiki kamar an kunna injin niƙa, ba yunwa ba gajiya, mai gona yana gindin ɗorawa yana washe baki. Ashe ƙwaya ce ake dakawa. Allah wadaran wanda ya fara wannan dabara, kuma har gobe ban janye ba.

A ɗakinta ta fara ganin abin. Ɗanta na fari, Isiyaku, yaro ne mai natsuwa, yana sakandare, ko gashin baki bai tsiro masa ba. Ni nake ɗinka masa kayan makaranta, kuma kullum sai ya ce in bar masa tsawon wando don yana girma. Hutu biyu ya bi 'yan huɗa. Sai ya daina barci, ya daina cin tuwo, yana tauna haƙora, yana zuba surutu kamar rediyo. Mu duka muka ce iska ce, aka shiga neman rubutu da turare.

Wadda ta buɗe mana ido ita ce Mama Ladi, mai dafa burukutu a bayan layinmu, Kirista ce, kuma duk zaman maƙwabtakarmu ba ta taɓa taka gidanmu ba. Ranar ta shigo da tsakar rana, ko zama ba ta yi ba. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Jummai, yaronka yana zuwa gidana, shi da abokansa. Sun ce in ba su sha ba ido ba ya rufe. Ni na haifa, ba zan iya shiru ba. Me kuke ba su a gona?"

Da aka sake ba Yaya ƙulli, ba ta zuba ba, ta ɗaure a bakin zane ta kai wa wani tsohon malamin asibiti a unguwarmu. Ya duba, ya gaya mata abin da ke ciki. Daga can sai ta zo shagona, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta ce, "Auta, da hannuna na dama masa." Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da mijinta ya rasu.

Da wata ce, a kuka za ta tsaya. Yaya kuwa ta bi matan da ke dafa wa 'yan ƙwadago gida-gida, ta tara su bayan la'asar a tsakar gidan wata maƙwabciya, Mama Ladi ta zo da nata matan masu burukutu suka zauna gefe ɗaya. Mai karatu ya san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka haifi yaron nan "wancan" take ce masa. A gaban matan nan ta miƙe ta ce, "Isiyaku ɗana ne, ku je ku gan shi." Matata tana wurin, ta ce har tsofaffi sai da suka sunkuyar da kai.

Abin da suka yanke ba shi da yawa. Ba ƙullin da zai ƙara shiga tukunya. Mai kunu ba za ta bar tukunyarta a hannun mai gona ba, kuma ita za ta fara shan ludayin farko a gaban yara kafin a raba. Masu burukutu kuma suka yi alkawarin ba za su sayar wa yaron da bai fara aske gemu ba, ko da ya ce babansa ne ya aiko shi. Daga baya mai unguwa ya sa baki, liman ya yi magana ranar Juma'a, fasto ya yi tasa ranar Lahadi. Amma a rubuta a ajiye, mata ne suka fara, mu maza daga baya muka biyo muna gyara hula.

Kada wani ya zaci an yi mata tafi. Ina! Masu gona suka ce ta ɓata musu suna, suka daina kiranta, wasu suka koma ɗauko masu dafuwa daga ƙauye. Yaran da abin ya riga ya kama suka gano masu tallan magani a kan keke, suna saye da kuɗin guminsu. Wasu masu burukutun suka karya alkawari da ciniki ya ja baya, ko da yake Mama Ladi ta riƙe nata har ta bar sana'ar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa, "Ta gyara nata ɗan tukuna." Na taɓa jefa wa wani yadinsa a titi saboda wannan magana, kuma ban yi nadama ba. Yaya ta koma sayar da itace a ƙofar gida, da wannan ta ƙarasa rayuwarta.

Isiyaku kuwa bai dawo ba. An kai shi asibiti a Jos, ya yi sauƙi, ya dawo, ya koma ruwa, ya haɗa da wiwi. Makaranta ta kore shi. Dangi suka ce a sa masa mari a kai shi gidan masu ɗaure irinsu, Yaya ta ce sai dai bayan ranta. Ita ke yi masa wanka kamar jariri, ita ke bin sa kasuwa ta dawo da shi. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ba gida ba gona ta bar mini. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, kada a ɗaure shi, kada kuma a yi masa ƙarya. An yi masa ƙarya sau ɗaya a cikin kunu, ya isa." Na ce na ɗauka.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Lafiyar yau. A zamaninta sai an ɓoye ƙwaya a tukunya kafin yaro ya sha. Yanzu yaro ne ke zuwa kemis da ƙafarsa, mai kemis ya miƙo ba tare da ya ɗaga kai ba. Mai faci na sayar da sholisho ga wanda ko keke ba shi da shi. 'Yan siyasa sun gaji masu gona, su ma sun gane yaron da ba ya cikin hayyacinsa ya fi saurin aiki. Ina jin ba za ta tsaya tsine-tsine irin nawa ba. Mayafinta za ta yafa ta fara daga kemis ɗin da ya fi kusa, ta tambaye shi ko shi ya haifa.

Ba zan ce aikinta ya tafi a banza ba. Akwai wani malamin firamare a Ashige da ke kawo mini ɗinki, ya ce shi yana cikin yaran da suka fara huɗa bayan taron matan nan, kunu zalla ya sha, kuma ya san da ya riga zuwa da shekara ɗaya da wani labarin ake yi. Irinsa suna da dama, magidanta ne yanzu, yawancinsu ko sunanta ba su sani ba. Ina jin daɗin ganinsu, amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci har haushinsu nake ji, don 'ya'yan wasu ta tsamo, nata ruwa ya tafi da shi.

Isiyaku yana gidana. Ya haura talatin, furfura ta fara fito masa, ba ya duka ba ya zagi, yini yake a zaure yana kallon hanya. Ba a taɓa ɗaure shi ba. Sai dai ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe komai, har mutuwar uwarsa ba ta zauna masa ba, alhali da shi aka kai ta. Duk shekara idan matata ta toya wainar sadaka, yara suka cika ƙofar gida, sai ya tambaye ni ta wa ake yi. In na faɗa, sai ya fashe da kuka irin na wanda yanzu aka yi wa rasuwa.

Bana matata ta roƙe ni in ce masa ta wani maƙwabci ce, ya ci wainarsa cikin kwanciyar hankali. Wallahi na so in bi maganarta. Ya zo ya durƙusa kusa da ni, waina a hannu, ya ce, "Kawu, wa ya rasu?"

Na ce, "Ummanka ce, Isiyaku."

Ya ajiye wainar a ƙasa, ya dube ni ya ce, "Yaushe? Me ya sa ba a kira ni ba?"

Allah ya jiƙan Yaya Jummai, ya sa ta huta. Ni dai ina nan riƙe da abin da ta ba ni, kuma in da rai baɗi ma zan gaya masa.