Kofi Ɗaya na Kananzir

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, Allah ne shaidata. A Kafanchan ne, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, ina da ɗan teburin sayar da kananzir a hanyar tasha. Ku riƙe wannan: a garinmu in an ce jirgi, to na ƙasa ake nufi, da shi muke kwana da shi muke tashi.

Lokacin ana wahalar kananzir, garwa ɗaya ta rage mini, na tura ta ƙarƙashin tebur na hana kowa, saboda yayata Saratu, wadda ta raine ni bayan rasuwar mamarmu, tana dawowa daga karatun nas a ƙasar waje, ran nan jirginsu zai sauka, bayan kwana biyu ta iso gida, ni kuwa na ci alwashin sai fitilu sun haske gidanmu har mutanen coci sun riƙe baki.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana sai ga mutum tsaye a gabana, ban ga ta inda ya ɓullo ba. Farar riga, ratsin zinariya a kafaɗa, gumi sharkaf, da ɗan kofin roba a hannu. Na ɗauka sabon ogan reluwe ne.

Ya ce, "Kai ne Auta?"

Na ce, "Ni ne, oga."

"Taimaka mana da kananzir. Mai ya ƙare a jirgi, saura kaɗan mu kai. Ko kofi ɗaya."

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Haba oga, jirgi fitila ne? Je tasha mana, dizal yana can. Kananzir kam ya ƙare."

Ya kalli ƙarƙashin tebur, daidai inda garwar take, ya ce a hankali, "Akwai mutane da yawa a ciki."

Na ce, "Sori, oga."

Ya ajiye kofin. Na juya in amsa wa maƙwabciyata Mama Nkechi mai sayar da gari, ko da na juyo babu shi, hanya fetal. Na ce, "Mama, ina mutumin nan ya bi?"

Ta ce, "Wane mutum? Tun ɗazu kai kaɗai kana surutu, na ce ko addu'a ne kana yi."

Washegari rediyo ya faɗa: wani jirgin sama ya tarar da hadari, ya yi ta kewaya har mai ya ƙare, ya faɗi dab da filin sauka, jiya wajen ƙarfe ɗaya. Da yamma Fasto ya shigo gidanmu, hularsa a hannu, ya ce Saratu na cikin jirgin. Ban yi kuka ba. Na dai ji jikina kamar na wani ne.

Ranar zaman makoki na buɗe garwar na cika fitilu ɗaya bayan ɗaya, gida ya haske yadda na yi alkawari. Ina cikin zubawa sai wani tsohon makanikin reluwe ya ce wa na kusa da shi, "Ka san irin manyan jiragen saman nan kananzir ne suna sha?" Hannuna ya tsaya. A nan na tuna, tun da mama ta rasu, Saratu kaɗai ke ce mini Auta.

Fasto ya ce kofi ɗaya ba ya ɗaga jirgi, in cire abin a raina. Na sani. Amma kofin yana cikin akwatina har yau, da ɗan hoton jirgin sama a gindinsa, kuma ban sake sayar da kananzir ba.

Ban san wa ya zo teburina ba. Ni dai shawarata, in baƙo ya kira ku da sunan da 'yan gida kaɗai suka sani, kada ku yi saurin cewa babu. Ku fara tambayarsa wa ya aiko shi.