Ratar da Usta Mitwalli Ke Bari a Hagu

Mijin yayata, Usta Mitwalli, mutum ne da Allah bai yi wa ɗuwawun zama ba. Na san shi tun ranar da ya zo neman auren Atiyat, ya zauna a gaban mahaifinmu ƙafarsa ɗaya na kaɗawa kamar mai taka keken ɗinki, har Baba ya tambaye shi ko fitsari ne ya matse shi. Ya tsufa bai daina ba. Shayi a tsaye yake shan sa. In ya shigo gidanka, sallama da bankwana a numfashi ɗaya yake yin su. Ni dai ban taɓa ganin ya cinye farantin waken ful a zaune ba, sai ya cusa ragowar cikin gurasa ya fita yana tauna. Ni kuwa Rediyo yake kira na, wai ba a kashe ni sai an ɗauke wuta.

Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, kuma ta dace da shi, tunda inji ba ya zuwa wurin bakanike. Duk ƙauyen da ke kewayen Zifta, daga bakin Nilu har cikin gonakin auduga, an san ƙarar babur ɗinsa, wani tsohon jan babur da ya girmi wasu angwayen garinmu. Lasisi kuwa bai taɓa yi ba. A kan hanyar gona wa zai tambaye ka? Ɗan sandan da zai tsare shi ma, injin gonar babansa na jiran Usta.

A bayansa kullum akwai Atiyat. Cuku da man ɓauna take yi tana bin kasuwannin ƙauye, shi kuma duk inda za shi akwai kasuwa a hanya. Zaman gefe take yi irin namu na mata, ƙafafu biyu a hagu don gudun zafin salansa, kwandonta a cinya, hannu ɗaya a kafaɗarsa. Mace ce mai jiki, yayata, Allah ya jiƙanta, ga nauyin baki, akasinsa a komai. In ya cika gudu ba ta cewa uffan, mintsini take sakar masa a haƙarƙari. Shekara talatin da ɗoriya haka aka saba ganin su.

Ta rasu bara da sanyi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Mitwalli ko ɗigo bai zubar ba, yawo ya ƙara. Da ƙyar aka riƙe shi a rumfar gaisuwa. Daga nan sai ya riƙa fita tun da asuba ko ba a kira shi ba, ya je ya kwance injin da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa. Ga ciwon suga, ga rashin ci. Wata rana manoma suka tsince shi a sume a bakin magudanar ruwa, babur ya danne masa ƙafa.

Shi ya sa Sabri, ɗansu tilo da ke aiki a Oman, ya ce magana ta ƙare, Baba zai koma wurinsa. A wayata ya kira, don uban ba ya tsayawa ya ɗaga tasa. Na buɗe murya muka ji tare.

"Akwai babur a can?" Abin da Mitwalli ya fara tambaya ke nan. Ba gida ba, ba jikoki ba.

"Akwai, Baba. Akwai gonaki ma da injina. Amma nan ba Zifta ba ce, in ba lasisi ko kunna shi ba za ka yi ba."

"To in ba babur me zan yi?"

"Ka huta mana. Gidanmu a sama yake, ta taga ana hango teku."

Na dubi fuskar Mitwalli na ga ta yi fari fat. Ni kuwa na san mutumin nan. In aka ajiye shi a saman bene yana kallon ruwa, ba zai kai wata Sallar ba. Babur ne kaɗai abin da ya rage yana riƙe da shi a duniya.

Washegari ya nufi babban gari, kafin la'asar sai ga shi yana kaɗa wata takarda a ƙofar gidana.

"Fito, Rediyo, ki sanar wa duniya! Lasisin da ake ta yi mana barazana da shi, ga shi nan."

Na ɗauki hotonta na tura wa Sabri. Ko shayin da na ɗora bai tafasa ba ya kira.

"Inna, ba shi wayar. Baba, wannan ai na koyo ne."

"Lasisi lasisi ne. Ba hotona ba ne a kai?"

"Na tambaya, Baba. Na koyo ba ya ƙetare iyaka, inda aka ba ka nan yake aiki. Cikakke ne za su duba su canza maka. In ka zo da wannan sai dai ka shiga makarantar tuƙi daga farko, kuma da shekarunka da suganka ban ga alamar za a wanye lafiya ba. Ka je ka ci gwajinsu tukuna. Tikitinka bayan Babbar Salla ne."

Ashe gaggawar da ta bi shi tun haihuwa ita ta kai shi. Ya tarar da layi biyu, ya shiga gajeren.

"Ni ne ɗan koyo?" ya ce bayan an kashe waya, yana zagaye tsakar gidana kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. "Ni da nake tuƙi tun masu gwajin suna cikin tsumma? To su sa rana."

Ranar gwajin a bas na bi shi, don ɗan koyo ba ya ɗaukar kowa. Ba zan ɓoye ba, dariya na je yi. Filin cike da samari masu kai abinci gida-gida, kowa da hular kwanonsa, ga Mitwalli a tsakiyarsu da furfura da jallabiyar Juma'a, ya tattare ta ya cusa a wando. Suna ta "Hajji, bismilla, wuce gaba," shi kuma yana harararsu. An jera robobin nan masu tsini, mutum ya ratsa tsakaninsu, wannan ta dama wannan ta hagu, sannan ya shiga wata siririyar hanya da aka zana da fenti wadda ta karya kwana zuwa hagu. Ba a sauke ƙafa, ba a taɓa roba, ba a taka layi.

Da aka kira shi ya taho tsaf, babur na bin sa kamar rago. Robar da ta faɗo a damarsa sai ya shafe ta ya wuce, ko takarda ba za ta shiga tsakaninsu ba. Wadda ta faɗo a hagunsa kuwa sai ya buɗe, ya bar mata fili fiye da kamu guda. Ta biyu haka, ta uku haka. Da ya zo kwanar nan ya buɗe sosai, ya taka layin dama, ya yi fatali da robobi biyu.

Mai gwajin, wani mai ƙaton gashin baki, ya busa usur.

"Hajji, tirela kake ja ne? Wa kake bar wa duk wannan fili?"

Samari suka fashe da dariya. Ni ma na fara, sai dariyar ta ɗauke. Na san wannan ratar. Daidai gwiwoyin Atiyat ce, da kwandonta a kai. Shekara talatin yana kauce wa bango da amalanke da jakin kowa don kada su taɓa ta, har hannunsa ya haddace faɗinta. An binne ta, hannun bai samu labari ba.

A bakin ƙofa ya hau faɗa. Robobin an matse su, filin a karkace yake, mai gashin bakin ya tsane shi tun safe. Na bar shi ya gama.

"Abu Sabri," na ce, "gwiwoyinta kake kaucewa da su."

"An kunna Rediyo."

"Je ka duba sawun tayarka. Dama ƙut-ƙut, hagu wayam."

Sai ya zauna a gefen titi, a ƙasa, da jallabiyar Juma'arsa. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna ba tare da an sa shi ba sai ran nan. Bai daɗe ba ya miƙe ya kakkaɓe jiki.

"Akwai wani gwajin kafin Salla," ya ce. "Za ki tsaya mini?"

A masussukar bayan gidana muka yi makarantar. Robobinmu su ne gwangwanayen cukun Atiyat, da na kwaso don ba wanda zai ƙara cika su. Ni a ƙarƙashin bishiya da carbina, shi yana kai da komo. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma wannan turken ya shiga ƙasa da nisa. Kansa ya yarda, hannunsa ya ƙi. Da ya doso gwangwanin hagu sai ka ga babur ya buɗe da kansa.

"Matso hagu!" nake ihu. "Matso, babu kowa a bayanka!"

"Na ji, ba kurma ba ne ni!"

"To hannunka kurma ne. Sake!"

Ban san sau nawa na faɗi maganar nan ba, babu kowa a bayanka. Duk sanda ta fita daga bakina sai na ji kamar ni ce nake tura yayata ƙasa daga kan babur. In na koma gida ba na iya cin abinci. Amma gara wannan da in ji an kulle shi a saman bene, don haka gobe ma na fito.

Kwanakin nan ba wanda ya huta. Ya raba wa yaran da ya koya wa sana'a kayan aiki, ya koma ya karɓo rabi. Ya ɗaure akwati ya kwance. Sabri na kira safe da yamma. In na dafa masa miyar lalo sai ya sha cokali biyu a tsaye ya ce mu koma masussuka. Ratar kuwa ta riƙa raguwa a hankali, daga kamu ta koma taƙi, daga taƙi ta koma 'yan yatsu. Ranar da ya shafi gwangwanin hagu ya wuce bai motsa shi ba, ya juyo yana washe baki. Na tafa masa, na juya baya na share hanci.

Gwaji na biyu shi ne na ƙarshe kafin tafiya. Mai gashin bakin nan dai muka tarar. Mitwalli ya ratsa robobin dama da hagu bai bar wa iska wuri ba, ya karya kwanar nan a tsakiyar layi cif. Samarin da suka yi masa dariya wancan karon suka hau fito.

"Yau ka sauke tirelar, Hajji," in ji mai gwajin, yana buga hatimi. "Mubarak."

Ya fito kamar ango. Ya kira Sabri da kansa, a wayarsa, ya ce a nemo masa babur ja, kada a kuskura a sayo baƙi. Sannan ya buga kujerar baya da tafin hannu.

"Hau, Rediyo. Yanzu doka ta yarda in ɗauki kaya."

"Kayan gidanku. Ka ga na yi kama da buhun albasa?"

"Buhun albasa ai ba ya magana. Hau mu tafi."

Ban taɓa hawa bayansa ba, wurin yana da mai shi. Amma mu da kai ya yi fari, wa zai ce me? Na yi zaman gefe, ƙafafu a hagu, na riƙe ƙarfen kariya. Muka kama hanyar Zifta ta gefen magudanar ruwa, manoma na ɗaga masa hannu yana amsawa da ham. Ya cika gudu, har yatsuna sun kai kusa da haƙarƙarinsa, na janye su. Wannan ba aikina ba ne.

Lungunmu ana shigarsa ta wata matsattsiyar kwana zuwa hagu, jikin bangon gidan gurasa. Kwanar da yake karyawa da Atiyat safe da yamma tun suna amare. Ya karya ta tsaf, kamar yadda na koya masa. Gwiwata ta daki bangon.

Ba wani ciwo ba ne, ƙurjewa ce, sai abayata da ta yage. Amma ya taka birki har na kusa kifawa. Ya waiwayo ya dubi gwiwata, ya dubi bangon, ya daɗe yana duban bangon.

"Ko sau ɗaya," ya ce. "Ko sau ɗaya bangon nan bai taɓa ta ba, Ni'imat."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

"Ai ka ci gwaji, Abu Sabri," na ce.

Ya kashe babur. A nan, da rana tsaka, mutumin da bai yi kuka ranar jana'iza ba ya kifa kansa a kan tankin mai, kafaɗunsa na rawa, sabon lasisin na leƙowa daga aljihunsa. Na sauko na tsaya a hagunsa, tsakaninsa da bangon. Masu layin gurasa suka taso suna tambaya ko ƙafata ce ta karye. Na ce musu e, su ba mu wuri.