Tambayar da Baba yake min da yaren Panya

Shekarun baya, tun ina ɗan kwaleji mai gajeren wando a Maraɗi, na koyi Sifaniyanci. Ba don so ba, wallahi. An ce kowa ya ƙara wani yare a kan Ingilishi, abokina ya raɗa min cewa mushe, wato malamin Sifaniyanci, ba ya duka, ni kuwa na bi shi a guje. Gaskiya ya faɗa, ba ya duka. Hadda yake jibga mana, kalma guda ka juya ta a bakinka ta ni, ta kai, ta shi, ta jiya, ta gobe, har harshenka ya yi tsami.

Ni ɗan fari ne a gidanmu a Madarumfa, kuma wanda ya tashi a gidajen gargajiya ya san abin da nake nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, mahaifiyata ma haka. A ɗakin kakata na girma. In Baba zai aike ni, sai ya dubi ƙanwata ya ce, "Ce wa wancan ya kai jaki rijiya," alhali ga ni tsaye a gabansa. Kunya ce, ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Amma sanin bai hana abin ci min rai ba. Ban da burin da ya wuce rana ɗaya Baba ya dube ni ya yi min magana, ni da kaina.

Tun ina ƙarami ya tafi ci-rani Najeriya, daga can aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da ake ce wa Panya, aikin gonakin koko na Turawan Sifaniya. Ya daɗe can. Ya dawo da akwatin ƙarfe da wani tari da bai taɓa barinsa ba, ya koma kamun kifinsa a tabki. Labarin Panya kuwa ko sau ɗaya bai ba mu ba.

Wani hutu na kai masa fura bakin tabki, yana zaune yana ɗinkin koma. Na ajiye, na koma gindin gawo ina haddata da ƙarfi, don mushe ya ce da an dawo zai tambaye mu yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru. "He comido, has comido, ha comido." Na ci, ka ci, ya ci. Ina ta maimaitawa kamar mai tallan ƙosai.

Sai na ji daga bayana an ce, "¿Has comido?"

Na waiga. Ba kowa sai Baba, kansa a sunkuye kan koma. Ni da wautata na ɗauka gyara min yake, na sake faɗin abin da ya faɗa. Ya ɗago ya dube ni, ya sake faɗa a hankali. Nan na gane tambayata yake yi. Ka ci abinci? Na ce, "Sí, he comido." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Daga ranar muka samu hanya. Da Hausa ina nan a "wancan", amma da yaren Panya Baba yana tambayata ko na yi barci, ko na gaji, yaushe zan koma. Bai san jadawalin mushe ba, in na jero masa sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na zama mayen hadda. Dormir, venir, volver, tener, duk kalmar da aka ba mu sai na riƙe ta gam, don kowace sabuwa ƙarin hira ce da ubana. Kakata takan ce, "Kai, ku da wannan yaren aljanun naku!" Mahaifiyata kuwa, in mun fara takan sassauta daka.

Sai shekarar yunwa ta zo. Damina ta ƙi, tabki ya ja baya, rumbuna suka zama fayau. Mu a makaranta muna samun jar dawar taimako, ko ba daɗi tana cika ciki. Da na zo hutu na tarar Baba ya rame, tarin ya ƙaru. Ranar komawata ya rako ni tasha, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo min ƙullin busasshen kifi ya yi min tambayarsa. Na amsa, sannan na yi ƙarfin hali na mayar masa, "¿Y tú, has comido?" Ya ce, "Sí." Na san ba gaskiya ba ne, ya san na sani, kamiyo, babbar motar da na hau, ya tashi.

Direban kamiyon nan ne ya kawo min labarin rasuwarsa. Kafin in iso an riga an kai shi.

Da mutane suka ragu, ƙanwata ta ce Inna na kira. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana ciki cikin takaba, fuskarta na kallon bango. Ta ce, "Akwai abin da yake ta faɗa kafin ya cika. Mutane sun ce sambatun zazzaɓi ne, ni na san yarenku ne. Na riƙe shi, ina ta bitarsa kada ya kuɓuce min." Ta tattaro shi, sannan ta faɗa gaɓa-gaɓa, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa: "Iho miyo, as komido. Mi yake nufi?"

Kalmomi biyun farko bai taɓa faɗa min su ba, ko da yaren Panya. Na ce, "Inna, cewa yake, ɗana, ka ci abinci?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ita ma a lokacin ta gane abin da bakinta ya furta min. Mun daɗe haka, ina jin kukanta, tana jin nawa. Can ta juyo ta dube ni ido da ido ta ce, "To, ka ci?" Na ce a'a. Ba ta kira ƙanwata ba. Ta tashi da kanta ta ɗauko ɗan tuwon da maƙwabta suka aiko, ta ajiye a gabana, ta zauna har na cinye.

Yau Sifaniyancin ya gudu, in aka ce in juya volver sai in ji kunya. Kalmar cin abincin nan kaɗai ta zauna. Ɗana na fari da sunansa nake kiransa, a gaban kowa. In ya zo gida, tun bai sauke jaka ba nake tambayarsa. Yakan yi dariya ya ce, "Haba Baba, kai kullum tambayarka ke nan, ka ci abinci, ka ci abinci." Nakan ce masa ya dai amsa min.