Simintin da Ruwa Bai Taɓa Ba

Shekara uku muka yi muna haya a gida ɗaya da wata mata da mijinta a Kafanchan, ƙofarmu tana kallon tasu. Mijina da mijinta duk 'yan Kagoma ne, kuma akawuna ne a wani kamfanin sayar da siminti da kwanon rufi. Albashinsu ɗaya. Amma nawa a keke yake zuwa aiki, nata kuwa kafin shekara ta zagayo ya sayi babur.

Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Ba ta taɓa yi mini laifi ba, in ta soya nama sai ta aiko wa yarana. Wannan aiken ma shi ya fi ƙona mini rai. Ranar da aka kawo mata keken ɗinki na shiga na taya ta murna, na dawo ɗaki na kasa cin abinci.

Kowa ya san inda abin yake fitowa. Mijinta yakan rubuta a takarda cewa ruwan sama ya jiƙa wasu buhuna sun daskare, sai ya sayar wa magina a ɓoye. Ba wanda ya kira shi ɓarawo. Ranar godiyar kaka shi ya kawo sababbin bencuna coci, aka yi ta tafa masa. Da muka je gida Kirsimeti, surukina ya dubi mijina a gaban mutane ya ce, "Ba wuri ɗaya kuke aiki da yaron nan ba? Ya rufe wa ubansa ɗaki da kwano. Ni har yanzu ina cikin ciyawa."

Ni ce na ɗauki maganar na kawo ta Kafanchan, na riƙa maimaita ta safe da yamma.

"Baban yara, kai kaɗai ne Kirista a ofishin nan?"

"Ki bar wannan magana," in ji shi. "Abin da muke ci bai ishe mu ba?"

"Ya ishe ka. Ni ce nake shiga zumuntar mata da zane ɗaya."

Da damina ta yi tsakiya, ya dawo wata rana da leshi mai ruwan zuma, ya ajiye mini a kan gado. Ban tambaye shi ba, shi ma bai kalle ni ba. Na ɗaura ranar Lahadi, na zauna inda Maman 'Yan Biyu za ta gan ni. Ta ce ya yi mini kyau, kuma da gaske take.

Bayan wata biyu masu bincike suka zo daga Kaduna. Lokacin maƙwabcin namu ya riga ya ajiye aiki ya zama ɗan kwangila, takardunsa kuma an neme su an rasa. Takardar jiƙewar siminti guda ɗaya mijina ya rubuta, da sa hannunsa a ƙasa, ita suka samu. Ba su kai shi kotu ba, sallamarsa suka yi.

Muka koma Kagoma noman doya. Har ya rasu bai taɓa cewa ni na sa shi ba.

Na sake ganin Maman 'Yan Biyu sau ɗaya a kasuwar Kafanchan, ina zaune a gaban doyata. Ta fito daga mota ta rungume ni, tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa, amma idona yana kan takalminta.