Ranar da 'yata ta bar ni a kan benci

Lokacin da abin nan ya faru ina sayar da abinci ne a maƙsaf ɗin wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a unguwar Hindawiyya; maƙsaf shi ne ɗan kantin da yara ke sayen burodi da lemo. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi uwata, amma har yau da iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, nake zaune. A makarantar akwai ƙawata da muka tashi lungu ɗaya. Ita mahaifinta ya samu jinsiyya ya zama ɗan ƙasa, ta yi jami'a, ta dawo a matsayin murshida, malamar da ɗalibai ke kai wa damuwarsu. Tana ofis mai sanyi, ni ina bayan kanta ina soya dankali. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, kullum sai ta leƙo mun gaisa, kuma wallahi kirkin nata ma haushi yake ba ni.

'Yata ta fari tana ajin ƙarshe na firamare a nan. Khala take kiran ƙawar tawa, wato inna da Larabci, a gida kuwa ba ta da zance sai Khala ta ce kaza, Khala ta yi kaza. Idan an tashi, mai gadin ƙofa ke kiran sunan kowace yarinya da lasifika idan nata sun zo ɗaukarta. Tawa ba mai zuwa, sai ta zauna kusa da ƙofa har na gama wanke-wanke mu tafi tare. Hankalina kwance yake, domin mai gadin dattijo ne ɗan uwanmu Bahaushe, Kawu nake ce masa. Shi ya samo mini aikin, kuma shi ake kira sasanci idan an yi rigima a lungunmu.

Wata rana ƙawata ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce yarinyar ta gaya mata Kawu yana kiranta ɗakinsa na bakin ƙofa yana taɓa ta inda bai kamata ba, ya kuma ce mata idan ta faɗa wa wani, uwarta za ta rasa aiki, a kore mu daga ƙasar. Ta ce ta riga ta sanar da shugabar makaranta an kai rahoto, domin doka ta wajabta wa duk ma'aikacin makaranta da ya ji irin wannan ya kai nan take, wanda ya yi shiru ma mai laifi ne. Kunya nake ji ina rubuta wannan, amma abin da ya fara soke ni a lokacin kishi ne. Ni na haife ta, ni ke mata kitso, a gado ɗaya muke kwana, amma ta tsallake ni ta kai wa wannan. Na ce da ƙawata ai wurina ya kamata ta fara zuwa, mu kai wa manya a kashe maganar a cikin gida kamar yadda muka saba. Ta ce manyan namu ai shi ne babbansu. Na ce tun da ta samu takarda ta manta ko ita wace ce, na fita na buga mata ƙofa.

Da muka koma gida ban tambayi yarinyar abin da aka yi mata ba. Titsiye ta na yi a kan dalilin da ya sa ta gaya wa Khala, ko ita ta ɗauki cikinta. Tana kuka na ce idan an zo bincike ta ce ba ta fahimta ba ne, Kawu wasa yake mata. Na gaya wa kaina ina kare aikina da sunan yarinyar ne, alhali so nake a ce rahoton ƙawata ƙarya ne, ta ji kunya ko sau ɗaya a rayuwarta. Har wani biki na je a unguwar Ruwais na baza wa mata cewa ta fara kai 'yan uwanta ga hukuma.

Ranar da matan da aka turo bincike suka zo, an ce yarinyar ta zaɓi babba ɗaya da zai zauna kusa da ita. Na riga na miƙe ina gyara abayata. Ba ta ko dube ni ba, ta nuna Khala. Suka shige, aka bar ni a kan bencin da ke waje, ina jin ƙaurin mai a jikina. Ta faɗi komai yadda yake. Bayanta wasu yaran ma suka yi magana, aka cire mutumin aka kai shi kotu. Ni kuwa ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ko tambayi iƙamata.

Yanzu ta gama sakandare. Tana mini biyayya, tana dafa mini abinci, amma hirarmu ba ta wuce lafiya lau. Idan na ji tana dariya a waya na san da wa take magana, kuma ba zan ɓoye ba, har yau zuciyata na tafasa. Sai dai na gane da dokar ta bar wa ƙawata zaɓi ta fara zuwa wurina, da na binne maganar, da mutumin yana nan a ƙofa yana kiran sunayen yara.

Iyaye, musamman mu da tsoron takarda ya koya wa rufe baki, idan ɗanku ya kai kukansa ga malami, ku gode wa Allah da ya samu wanda zai gaya wa, kada ku hana a kai rahoto. Ku zauna ku saurare shi a ranar, domin ba kullum za ku samu damar ba. Kwanan baya na daure na ce da 'yata ta ba ni labarin abin da ya faru a lokacin, ina son na ji daga bakinta. Ta yi murmushi ta ce khalas Ummi, shi ke nan, ya wuce, ta kwashe kofunan shayi ta fita.