Rairayin Shamaki da Ƙafar Babur

Kun sha tambayata wace rana ce ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina aikin tafinta. Na san kuna jiran in ambaci wata babbar shari'a. To, ba ita ba ce. Ranar da na kasa mantawa ita ce ranar da babur ɗin kumandan ya tsaya da ƙafarsa a Matamaye bai faɗi ba, kowa ya yi ta murna, har da ni.

Zamanin Faransa ne, kafin yaƙin Jamus na biyu. Kumandanmu, watau Baturen da ke mulkin yankinmu, a Damagaram yake zaune, amma yakan fito rangadi kudu ya duba hanya da kasuwa, ya saurari ƙararraki. Da a kan doki yake zuwa, sai aka aiko masa da babur daga ƙasarsu, ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Ni kuwa a kan doki nake riga shi isa, in jira shi a bariki, watau gidan da ake sauke Turawa a gefen gari. Kowane bariki yana da gardi, ɗan sandan mulki mai jar hula. Na Matamaye sunansa Ɗan-Azumi, mutumin Icirnawa, dogo, marar yawan magana. Shi kaɗai ne ya rage wa uwarsa Inna Kande, ita ma saboda shi ta taso ta dawo Matamaye, tana yi wa mutane niƙa.

Babur ɗin yana da wata 'yar ƙafar ƙarfe a gefe, Turawa na ce mata bekil. In an tsaya sai a taka ta ta fito, a jingina mata nauyin babur. Siririya ce, bakinta bai fi babban yatsa ba. A ƙasa mai tauri ba ta da laifi.

Sai dai mu Hausawa ba mu tsayar da dabbar babban baƙo a ƙasa mai tauri. Shamaki, wanda sarki ya ɗora a kan sha'anin dawaki da masaukinsu, dattijo ne da ya san aikinsa tun kafin a haife ni. A wurinsa, duk abin da babban mutum ya hau doki ne, ko yana cin ciyawa ko yana shan fetur. Saboda haka ya sa aka kafa rumfa a ƙofar bariki, aka buga turke, aka zuba rairayi mai laushi, aka share shi tas. Har da ƙwaryar ruwa aka ajiye, ko da za a buƙata.

Kumandan ya iso, ya sauka a gaban masu tarya, ya miƙa wa Ɗan-Azumi babur, ya shige ciki. Shamaki ya nuna rumfa da sandarsa. Uban Ɗan-Azumi a bargar Shamaki ya yi aiki har ya mutu, don haka ko da hula goma yake sanye da su, ba zai iya cewa a'a ba. Ya tura babur cikin rumfa, ya taka bekil. Muna cikin gaisuwa bekil ta yi ta nutsewa a hankali, sai ji muka yi rim! Fitilar gaba ta fashe.

Kumandan ya fito fuskarsa ja wur, ya shuri rairayin da takalmi, ya ce da Faransanci, "Wane jaki ne ya zuba yashi a nan?"

Duk manyan gari na tsaye suna kallon bakina. In na faɗa yadda aka faɗa, na kira Shamaki jaki a bainar jama'a, kuma ni ne zan ci gaba da kwana a garin nan, ba kumandan ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, kumandan na tambaya wane babban mutum ne ya sa aka zuba rairayin nan."

Shamaki ya gyara rawani, ya ce, "Ka gaya masa ni ne. Kuma ya yi haƙuri, na ga bai isa ba, shi ya sa dokin ya ƙi tsayuwa. In ya dawo zai ga aiki."

Na juya na ce, "Mon kumandan, ya ce a yi haƙuri, kafin ka dawo za a gyara wurin." Ku duba da kyau, ba ƙarya a ciki. Kowa ya watse yana ganin an fahimce shi.

Aka kuwa gyara. Da rangadi ya sake zagayowa, Shamaki ya aika jakuna har wajen Dawce, inda aka ce rairayinsu ya fi laushi. Mata suka tankaɗe shi kamar garin tuwo, aka zuba har ƙafar mutum na shigewa zuwa idon sawu, aka yayyafa ruwa don ƙura. Wannan karon bekil ba ta ma yi kunyar jira ba. Kafin kumandan ya cire hularsa babur ya kwanta, madubi ya karye, fetur na tsiyaya.

A idon kumandan ƙasar nan duka yashi ce, bai san bambancin na Allah da na Shamaki ba. Abin da ya gani shi ne gardi da aka ba aiki ɗaya ya kasa. Ya sa Ɗan-Azumi ya ƙame a gabansa, ya ce in babur ya sake taɓa ƙasa a Matamaye, zai tura shi Ngigmi, can bakin tafkin Cadi, inda ake kai waɗanda ake so a manta da su. Wannan kam na fassara ta daidai, don babu wanda zan yi wa kara a ciki.

Washegari da hantsi Inna Kande ta same ni ina ɗaure wa dokina sirdi. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce, "Tafinta, an ce kai ne bakin Nasara. Ba za ka gaya wa Shamaki ya kwashe rairayinsa ba?"

Na ce, "Inna, in na gaya masa, na ce masa karamcinsa ne ke kayar da dokin baƙo. Kin san ba zai ƙara ɗaga kai a fada ba."

"To ka gaya wa Nasaran."

"In ya san Shamaki ne, a gaban mutane zai tuɓe masa rawani."

Sai ta ce, "Ashe nawa ɗan ne ba shi da rawanin da za a ji wa kunya." Wallahi maganar nan ta soke ni.

Da kumandan zai sake zuwa, ita ce ta zo da dabara, ko in ce ta ɗauko ta a ka. Dutsen niƙanta ne, faffaɗa, wanda ta taso da shi daga Icirnawa. Muka bari mutanen Shamaki suka gama tankaɗe da shara suka tafi ɗebo ruwa, ni da Ɗan-Azumi muka tona tsakiyar rumfa, muka kifa dutsen, muka mayar da rairayi ya rufe shi kaɗan. Ɗan-Azumi ya soka tsinke a wurin don ya gane.

Kumandan ya iso. Ɗan-Azumi ya tura babur yana gumi, ya taka bekil daidai kan tsinke. Ta ɗan shiga, zuciyata ta bi ta, sai ta tsaya. Har aka gama rangadin, da iskar da aka yi da akuyar da ta zo ta sosa jikinta da shi, babur na nan tsaye kamar an dasa shi.

Ba ku ga masu nasara ba. Shamaki ya ce ai dama ya faɗa, rairayi ne bai isa ba, yanzu da ya isa ga shi nan. Wani malami da ya ba Ɗan-Azumi laya ya ce a tambayi layarsa. Kumandan kuwa ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ka gani? Mutanenku sai an tsorata su suke iya aiki." Na ce, "Haka ne, mon kumandan." Inna Kande ta yi ta yawon aron dutse a maƙwabta, amma da dariyarta.

Bayan damina aka yi wa kumandan canjin wurin aiki. Ina aka kai shi? Ngigmi. Ya ce ƙasa ce ta yashi zalla, kuma a duk yankin nan mutum ɗaya ya sani da ya iya tsayar da babur a kan yashi. Ya nemi a ba shi Ɗan-Azumi, aka ƙara masa igiya ya zama kofur, aka ce ya ɗaure kaya. Don ya nuna shi mai kirki ne, ya ce a kira uwar ya gaya mata albishir da bakinsa, watau da nawa.

Na yi ta juya maganar a kaina ina neman gefen da ba shi da kaifi. Na ce, "Inna, kumandan ya yaba da ɗanki, an ƙara masa girma."

Ta ce, "Alhamdulillahi. A ina zai ci girman?"

Na ce, "A Ngigmi."

Ba ta yi kuka a gaban Bature ba. Ta dubi ɗanta, ta ce, "Je ka tono dutsen ka tafi da shi. An ce can ma rairayi ne." Kumandan ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta gode.

Ɗan-Azumi ya dawo bayan shekaru da dutsen a cikin kayansa, amma mai dutsen ta riga ta rasu.

Ku da kuke fara aikin nan, za a koya muku cewa gwanin tafinta shi ne wanda ke raba manya biyu ba tare da ɗayansu ya ji kunya ba. Gaskiya ne, kuma na iya, an ma yabe ni a kai. Shamaki ya mutu da rawaninsa, kumandan ya koma ƙasarsu da babur ɗinsa. Amma duk lokacin da kuka ga manya biyu sun tashi kowa na murmushi, ku leƙa ƙarƙashin rairayin ku ga dutsen wa aka binne.