Sunan da Babu a Bayan Faifan Tsawa

A da, kowace safiya, kafin ƴan ƙungiyar Tsawa su farka, Bukari ya riga ya buɗe garejinsu a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon, ya naɗe wayoyi, ya ɗaure tsirkiyar gita, ya ɗora shayi. Tsawa ƙungiyar kiɗan rock ce ta ƴan Nijar mazauna Lyon, Bukari kuma direbansu ne, mai ɗaukar kaya. Ko makirufo bai taɓa riƙewa ba sai don gwaji.

Ƴan Tsawa ba su rubuta kiɗa, da ka suke riƙe shi. Ga ƙungiyar kuma kamar tashar mota, wannan ya sauka wancan ya hau. Moutari mai ganguna, wanda ya ƙirƙiro bugunsu, ya yi fushi ya koma Damagaram. Leïla mai waƙa ta yi aure a Sevran, can kusa da Paris. Kowa ya tafi, da nasa kason kiɗan yake tafiya. Da babu Bukari, da tuni waƙoƙin sun bi ruwa. In sabon makaɗi ya zo, sai ya zaunar da shi a gaban mota, yana tuƙi yana buga masa kiɗan a kan sitiyari har ya zauna masa. Nassim, mai gangunan yanzu, wanda ke kiran Bukari Tonton, wato kawu, ya ce mini: "Wallahi daga Lyon har Paris Tonton bai bar ni na yi gyangyaɗi ba. Da na kuskure sai ya ce, 'Encore, ɗana, maimaita.'"

Bana suka shiga sutudiyo a unguwar Belleville ta Paris suka yi faifai, babu ko mutum ɗaya cikin makaɗan farko. Na duba bayansa: an gode wa mai hoto, an gode wa mai gidan abinci. Bukari fa? Ko alama. Haba Tsawa! Abin ya yi mini ciwo, domin tsayuwa kusa da lasifika ce ta cinye masa kunnuwa, har ya ajiye aiki.

Kai ne ginshiƙin da ba ya fita a hoto, Bukari. Ranar da aka kawo maka faifan ba ka nemi sunanka ba. Ka ɗora tafin hannu a kan lasifika, can ka ce: "Wannan bugun Moutari ne." Nassim kuwa bai taɓa ganin Moutari ba.

Mun gode, Tonton, Allah ya saka da alheri. Ku kuma makaɗa, ku riƙe amana irin tasa, ku gode wa naku Bukarin tun kunnensa yana ji.